Nampeyo, Maginiyar da Ta Ci Gaba da Gini Bayan Idonta Ya Tafi

 A shafin tarihi na bana za mu yi doguwar tafiya har Amurka, sai dai ba Amurkar dogayen benaye da ake nuna mana a talabijin ba. Wani ƙauye za mu je a kan dutse, cikin busasshiyar ƙasa mai rairayi, inda mata ke ɗauko ruwa daga gindin tsauni, ana noman masara da ɗan ruwan saman da ya samu. A can aka yi wata maginiyar tukwane mai suna Nampeyo, wadda ta rayu daga wajen 1859 zuwa 1942. Ba ta taɓa shiga aji ba, ba ta iya rubuta sunanta ba, ba ta kuma jin Turanci. Amma yau tukwanenta suna ajiye a manyan gidajen adana kayan tarihi na Amurka da Turai. Shekarunta na ƙarshe, wajen 17, ta yi su ne idonta ba ya iya ganin irin zanen da ya fito da sunanta, kuma duk da haka tukwane ba su daina fita daga gidanta ba. Yadda aka yi hakan ta yiwu, shi ne labarinmu.

Garin kan dutse

Mutanen Hopi suna cikin 'yan asalin ƙasar Amurka, waɗanda Turawa suka zo suka tarar. Suna zaune a arewa maso gabashin jihar Arizona ta yau, a kan wasu tsaunuka uku masu shimfiɗaɗɗen kai, ana ce musu Tsauni na Farko, na Biyu da na Uku. A kan na Farkon akwai ƙauyuka uku a jere, gidajen dutse da laka, wani ɗaki a kan wani: Walpi, Sichomovi da Hano. Su mutanen Hano asalinsu ba Hopi ba ne. 'Yan ƙabilar Tewa ne da suka yo ƙaura daga gabas, yankin kogin Rio Grande, wajen shekarar 1700, bayan tawayen da ƙabilun wurin suka yi wa Turawan Sifaniya. Suka zauna maƙwabtaka da Hopi, ana auratayya, amma suka riƙe harshensu.

A Hano aka haifi Nampeyo. Mahaifiyarta 'yar Tewa ce daga zuriyar Masara, mahaifinta kuwa mutumin Walpi ne daga zuriyar Maciji. Daga wajen dangin uban sunanta ya fito, ma'anarsa macijin da ba ya sara.

Akwai wata al'ada tasu da ya kamata mu riƙe tun yanzu, don za ta yi mana amfani a gaba. A wurinsu 'ya'ya na dangin uwa ne, gida ma na mace ne. In aka yi aure, miji ne ke tarewa wajen matarsa. Ke nan 'ya mace ba ta yin nisa da mahaifiyarta, ko ta yi aure tana nan kusa, ana niƙa tare, ana girki tare. Aiki ma a rabe yake. Maza ke noma da kiwon tumaki, su ne kuma masaƙa, hatta kayan amarya maza ke saƙa su. Mata ke niƙan masara a dutse, su ɗebo ruwa, su yi yaɓen ɗaki, su gina tukwane.

A 1875 wani mai ɗaukar hoto, William Henry Jackson, ya zo ƙauyen tare da ayarin masu safiyon ƙasa, ya sauka wajen ɗan uwanta Tom Polacca. Ya ɗauki hoton Nampeyo tana budurwa, an naɗe mata gashi dunƙule biyu manya a gefen kunnuwa, alamar yarinyar da ta isa aure. Hoton ya yaɗu a Amurka a matsayin hoton wata kyakkyawar yarinyar Hopi, tun ba wanda ya san abin da hannunta zai yi. Wajen 1878 ta auri Lesso, mutumin Walpi, suka haifi 'ya'ya biyar: Annie, William, Nellie, Wesley da autarsu Fannie, wadda aka haifa a 1900.

Yadda ake ginin

A zamanin ƙuruciyarta, matan Hano sun fi gina tukwanen girki da tulunan ruwa marasa ado. Masu zane a jikin tukunya a Walpi suke, kuma wajen kakarta ta wajen uba, a can Walpi ɗin, aka fi danganta koyon zanenta. Ta haɗa biyun ke nan: ƙarfin gini daga gidan uwa, ado daga gidan uba.

Duk wadda ta taɓa zama kusa da magina za ta gane aikin. Sai an je an haƙo yumɓu a gindin tsauni, an ɗauko shi a baya an hau da shi. A jiƙa, a tsince tsakuwa da saiwoyi, a tace, a cuɗa har ya yi laushi. Ba su da injin juya tukunya. Gindin ake fara dannawa cikin wani ɗan kasko, sannan a murza yumɓu ya yi tsawo kamar igiya, a riƙa ɗora shi zagaye bisa zagaye, ana haɗewa da yatsu. In jiki ya tashi sai a kankare da sakaina, a bari ya sha iska, a goge da dutsen yashi, daga nan a bi shi da ɗan dutse mai santsi ana murzawa har ya yi sheƙi. Irin wannan dutsen gugan, uwa ke bar wa 'yarta.

Launin zane ma daga daji yake fitowa. Baƙin ana samunsa ne daga wasu ganyaye da ake dafawa har ruwansu ya yi kauri ya daskare, ɗaya daga cikinsu ma ɗan uwan gasayarmu ne, sai a haɗa da garin wani dutse mai ƙarfe a jiki. Jan kuwa daga wata ƙasa ake samu. Alƙalamin zanen tsinken ganyen yuka ne, wani tsiro mai dogon ganye mai tsini kamar kaba, a tauna bakinsa har zaren ya fito, a rage 'yan silla kaɗan. Da wannan ake jan layi siriri kamar zare a jikin tukunya mai lanƙwasa, kuma da ido ake raba fili, ba ma'auni.

Gashi a fili ake yinsa, da busasshen kashin tumaki. A jera tukwane, a kāre su da manyan fasassun tukwane don kada wuta ta taɓa zanen, a lulluɓe da kashin, a kunna. In iska ta taso ba shiri, ko akwai sauran danshi a jikin tukunya, aikin makonni sai ya fashe cikin ƙiftawar ido. Wannan kam ko wace maginiya a duniya ta san zafinsa.

Tsingaron kufai

Lokacin da Nampeyo ta tashi, ginin ado na Hopi ya ja baya. Farar ƙasa ake shafa wa tukunya kafin a yi zane, in an gasa sai fatar ta tsattsage kamar faso. Zanen ma yawanci aro ne daga maƙwabtansu na Zuni, inda mutanen Hopi suka yi zaman gudun fari da agana.

To, a gindin Tsauni na Farko akwai wani kufai da ake kira Sikyatki, garin da ya watse ɗaruruwan shekaru kafin a haife ta. Tsingaro ne birjik a wurin, ruwa da iska suna tono shi. Wanda duk ya ɗauki ɗaya zai ga bambanci: siriri ne, mai ƙarfi, launinsa ruwan ƙwai zuwa ruwan goro, ba a shafa masa farar ƙasa ba, ga zanen fikafikan tsuntsaye da gashin jela da layuka masu lanƙwasa. Mutane da yawa sun taka wannan tsingaro sun wuce. Nampeyo ta tsuguna ta tsince shi, ta kai gida, ta yi ta jujjuya shi.

Abin da ta yi ya wuce kwaikwayon zane. Sai da ta nemo irin yumɓun da mutanen da suka yi amfani da shi, wanda in an goge shi aka gasa yake ba da wannan launi da kansa. Ta daina shafa farar ƙasa. Ta dawo da wata siffar tukunya da aka manta, gajeriya mai faɗin kafaɗa da ƙaramin baki, kamar an kifa faranti a kan faranti. Wannan siffa tana da wuyar gini ƙwarai, don kafaɗar a kwance take, ɗanyen yumɓu kuwa so yake ya rufta ciki. Sai an bi shi a hankali, a ɗora kaɗan, a jira ya ɗan ƙarfafa, a ƙara. A kan wannan faffaɗar kafaɗa take shimfiɗa zanenta. Tsingaro guntu ne, ba ya nuna zane cikakke, don haka ita ce ke ƙarasa sauran daga kanta. Biyu daga cikin zanenta sun fi shahara: na jelar gaggafa, wanda ke saukowa daga bakin tukunya ta fuska huɗu, da wanda ake kira zanen ƙaura, fikafikai masu bin juna suna zagaye tukunya, an cike tsakaninsu da ɗaruruwan siraran layuka.

A 1895 wani masanin haƙar kufai daga cibiyar Smithsonian, Jesse Walter Fewkes, ya zo ya haƙa Sikyatki, ya fito da tukwane masu yawa lafiyayyu. Daga baya labari ya bazu cewa wai haƙarsa ce ta buɗe wa Nampeyo ido. An daɗe ana maimaita wannan a littattafai, har sai da wata mai bincike, Barbara Kramer, ta bi tsofaffin takardu ta kuma zauna da jikokin Nampeyo. A littafinta na 1996 ta nuna cewa tun kafin Fewkes ya sa diga a wurin, Nampeyo ta riga ta fara aiki da zanen mutanen da. Kun ji fa, mace ta yi aikinta, an ba wa baƙo ladan.

Kasuwa ta buɗe

Duk wannan yana faruwa ne a lokacin da rayuwa ke sauyawa a kan tsaunin. Wani Bature ɗan Ingila, Thomas Keam, ya buɗe kanti a wani kwari da ke kusa, yana sayar da fulawa, sukari, gahawa, yadi da kwanonin ƙarfe. A farkon shekarun 1880 layin dogo ya ratsa arewacin Arizona. Kwanon kanti da bokitin ƙarfe suka fara korar tukunyar ƙasa daga madafa, kamar dai yadda muka ga roba da silba sun yi wa tulu da akushi. Amma jirgin da ya kawo kwanon ƙarfe shi ne kuma ya kawo baƙi masu yawon buɗe ido da masu tara kayan tarihi, su kuwa abin hannu suke nema. Tukunyar da aka daina girki da ita sai ta zama abin ado mai kawo abinci gida.

Nampeyo ta riƙa kai tukwanenta kanti ana musanya mata da kayan masarufi. Baƙi suka fara hawa tsaunin suna tambayar gidanta da suna. A lokacin, kayan 'yan asalin ƙasa da sunan ƙabila ake sayar da su, a ce tukunyar Hopi ko bargon Navajo, ba ruwan kowa da wadda ta yi. Tana cikin na farko da aka fara neman aikinsu da sunansu.

Kamfanin Fred Harvey, mai otal-otal a tashoshin jirgin ƙasa, ya gane cewa sunan nan kuɗi ne. A 1905 ya buɗe wani gida mai fasalin ginin Hopi a bakin babban kwazazzabon nan da ake kira Grand Canyon, ya ɗauko Nampeyo da iyalinta suka zauna a ciki wata uku, tana gini baƙi suna kallo suna saye. Da lokacin shuka ya gabato suka tattara suka koma gida, don gona ba ta jira. Sun sake zuwa a 1907. A 1910 aka kai ta Shikago, wani babban baje koli, ta zauna gaban dubban mutane tana murza yumɓu. Da yake ba ta rubutu, kamfanin ne ke manna wa tukwanen 'yar takarda mai sunanta. Hotonta ya hau takardun talla. Sunan ya yi nisa, amma ita tana nan a Hano, tana niƙa, tana ɗebo ruwa, tana haƙar yumɓu kamar kowace mace a garin. Riba mai tsoka tana wajen masu kanti da kamfani.

Sauran matan tsaunin da suka ga kasuwa ta karɓi irin aikinta, su ma suka koma gini irin na Sikyatki. Cikin 'yan shekaru, abin da mace ɗaya ta tsinto a kufai ya zama hanyar cin abincin gidaje da yawa a ƙauyukan uku.

Ciwon ido

Tun wajen 1900, sunanta na tsakiyar tashe, ciwon ya riga ya kama ta. Amosanin ido ne, ciwon da mu ma ba baƙonmu ba ne a ƙauyukan arewacin Najeriya da Nijar. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, tana bin hannu, da tsumman share fuska, da ƙudan da ke sauka kan kwantsar idon yara. Inda ruwa ya yi ƙaranci, ga ƙura, ga cunkoso a ɗaki, nan ya fi samun wurin zama. Ku tuna a Hano kowane tulun ruwa sai mace ta hau dutse da shi a baya, wanke fuskar yara sau da yawa a yini ba ƙaramin abu ba ne. Ya kuma fi kama mata, saboda su ke ɗauke da yara dare da rana. Wani bincike da hukumar lafiya ta Amurka ta yi wajen 1912 ya gano cewa cikin 'yan asalin ƙasar da aka duba, fiye da mutum 1 cikin 5 yana da shi.

Ciwon ba ya makantarwa dare ɗaya. Ido ya yi ja, ya yi ƙaiƙayi, ya lafa, ya sake dawowa. Kowane dawowa yana barin tabo a cikin fatar ido. Shekara da shekaru tabon yana tattarewa, har ya janyo bakin fatar ya juya ciki, gashin ido ya koma yana gogar ƙwayar ido. Duk ƙiftawa kamar an zuba yashi. Hasken rana ya zama azaba, hayaƙi ya zama azaba, ga hawaye ba tsayawa. A hankali saman ƙwayar idon ya dushe, ya yi fari, gani ya tafi. Yanzu ku auna wannan da aikin Nampeyo: mace mai jan layi kamar silin gashi, mai tsayawa kan hayaƙin kashin tumaki ranar gashi, a ƙasar da rana ke da ƙarfi ƙura kuma ba ta kwanciya.

Ta nemi magani. Akwai wata babbar tukunya tata a gidan tarihi na jihar Arizona da ta ba wani likita a matsayin ladan duba mata ido. Sai dai maganin wancan zamani na rage zafi ne kawai: a kankare cikin fatar ido, a goga wani shuɗin dutse mai raɗaɗi. Maganin da ke kashe ƙwayar cutar bai samu ba sai ƙarshen shekarun 1930, lokacin da likitocin da ke aiki cikin 'yan asalin ƙasar suka gwada ƙwayoyin salfa suka ga suna aiki. Kafin nan nata idon ya riga ya lalace.

Yadda ciwon ya ci gaba ya nuna a jikin tukwanenta. Siraran layukan nan suka fara raguwa, zanen ya ƙara girma da faɗi, irin wanda ido mai rauni zai iya bi. Wajen 1925 zane ya gagare ta.

Gini da lalube

A nan ne al'adar da muka ambata tun farko ta yi rana. 'Ya'yanta mata suna kusa, kuma ba ranar da ido ya tafi aka fara koya musu ba. Annie, babbar, tun tana yarinya take zaune gefen uwar, har ta kai in an ajiye tukwanensu biyu da wuya a ce ga na wannan ga na waccan. Akwai hotunan farkon shekarun 1900 da ke nuna su tare, uwa da 'ya, tukwane a gabansu. Nellie da Fannie ma haka suka tashi, sannan jikoki suka biyo. Shi kansa Lesso ya iya zane, yana taya ta.

Sai aka raba aikin. Gini dai yatsu ne ke yinsa. Kaurin jikin tukunya tsakanin babban yatsa da sauran ake jinsa, laushin yumɓu a tafin hannu ake gane shi, inda kafaɗa za ta karya ta juya ciki hannun da ya yi shekara 50 yana yi ya san wurin. Nampeyo ta ci gaba da murzawa, da ɗorawa, da kankarewa, da guga. In tukunya ta bushe ta yi santsi sai ta miƙa, Fannie ko Annie ko Nellie ko mijinta su zana, da zanen da ita ta koya musu. Masu ƙarfi su haƙo yumɓu, masu ido su tsaya kan wuta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba ta kuma haƙura da ado gaba ɗaya ba. Ta koma yin irin adon da yatsa ke ji. A wasu tukwanenta na wannan lokaci, maimakon ta shafe zagayen yumɓun ya ɓace, sai ta bar shi a fili a wuya ko a kafaɗa, ta bi shi tana dannawa, ya fito da tudu da kwari a jere. Wannan ma tsohuwar dabara ce ta mutanen da, tana jikin tsingaron da ta tsinta tun tana da ido. Da can ta ɗauki abin da ido ke gani a jikinsa, yanzu ta koma ta ɗauko abin da hannu ke ji.

Kada mu ɗauka abin ya zo da sauƙi. Wajen 1930 Lesso ya rasu, ta rasa miji ta kuma rasa ɗaya daga cikin masu yi mata zane. Manyan tukwanen da suka yi mata suna suka ja baya, aka fi yin ƙanana masu saurin fita a hannun baƙi. Mace da ta saba hawa da sauka kan tsauni ita kaɗai, ta koma sai an kama mata hannu. Su ma 'ya'yan akwai abin da suka sadaukar. Masu saye sunan Nampeyo suke nema, don haka shekaru da yawa aikin 'ya'yan a ƙarƙashin sunan uwar yake fita. Da aka fara sa hannu a gindin tukunya, su ne ke rubuta mata sunan. Annie kuwa, wadda ta fi kowa daɗewa tana taya ta, da wuya a sami tukunya mai ɗauke da nata sunan. Har gobe masana suna zama su yi ta muhawara kan wace ce ta zana wace. A gidan kuwa abin da aka sani shi ne tukunya ta fita, fulawa da gahawa sun shigo.

Cikin jikokinta akwai Daisy, 'yar Annie, wadda ita ma ido ya fara gagararta tun tana 'yar makaranta. Ita ta yi sa'a. Wata attajira 'yar Kalifoniya, Anita Baldwin, ta ɗauki nauyinta aka yi mata aiki, idon ya dawo, har ta kai ta Faransa ta karanci zane da sassaƙa a birnin Paris. Daisy ta dawo gida ta ci gaba da sana'ar kakarta. Gida ɗaya, mata biyu, ɗaya ta sami magani a kan kari, ɗaya ba ta samu ba.

Nampeyo ta rasu a 1942, ta haura shekara 80, a hannun iyalin ɗanta Wesley. Kusan har ƙarshen rayuwarta hannunta bai rabu da yumɓu ba.

Abin da ta bari

Fannie ce ta gaje ta a matsayin uwar zuriyar Masara, ta yi gini har zuwa rasuwarta a 1987, tana sa hannu da sunan Nampeyo da ɗan zanen masara a gefe. Ta ɓangaren Annie kuwa aka sami Rachel, Rachel ta haifi Dextra Quotskuyva, wadda ta zama ɗaya daga cikin manyan maginan Amurka, ta rasu a 2019. Zuriyar ta yaɗu, mata da maza, kuma har yanzu akwai masu haƙo yumɓu a gindin tsaunin nan, suna tauna ganyen yuka, suna gashi da kashin tumaki, suna zana jelar gaggafa da fikafikan ƙaura. A watan Disamba na 2010 aka yi gwanjon wata tukunyar Nampeyo a birnin San Faransisko, aka saye ta dala 350,000. Ita dai ba ta ga ko ƙyallin irin wannan kuɗi ba a rayuwarta.

'Yan uwa, da yawa cikinmu da ido muke ci: mai ɗinkin hula, mai saƙa, mai zaman keke, mai kitso, mai ƙunshi, mai tsintar shinkafa. Ciwon da ya ɗauke wa Nampeyo gani yau yana da magani. Akwai ƙwayoyin da ake rabawa, akwai ɗan ƙaramin aiki da ake yi wa fatar ido ta koma daidai, kuma wanke wa yara fuska da tsabtace muhalli suna tare shi tun daga tushe. Ghana ma tun 2018 aka tabbatar ta fi ƙarfinsa. Don haka wadda ta ji gashin ido yana sukar ta, ko ta ga tsohuwa a gida tana tsige nata da matsefata, to a daure a je asibiti tun ƙwayar idon ba ta dushe ba.

Sai kuma ɗaya abin. Nampeyo ba ta san ranar da idonta zai ƙare ba, amma ranar da ya ƙare akwai mata uku a gidan da suka san yadda ake haɗa baƙin launi, da inda jelar gaggafa ke farawa, da lokacin da ya kamata a janye wuta. Ta zaunar da su kusa da ita tun tana gani sarai. Kowace a cikinmu ta duba gefenta in ta zauna aiki gobe, ta ga wa ke zaune a wurin.